A bar yaro ya taɓa ƙasa

Ranar awo ce, rumfar asibitinmu ta cika maƙil da mata, kowace da goyo a baya da karne, wato katin awo, a hannu. Can gefe wani yaro da bai wuce shekara huɗu ba, wanda ya rako uwarsa awon ƙanwarsa, ya samu murfin kwalba da tsinke ya duƙufa yana tara rairayi. Ya yi tsibi uku ya jera, yana ta surutu shi kaɗai. Ina cikin rubuta nauyin wata jaririya sai na ji tas! Uwar ta make masa hannu. "Tashi, ƙazami! Kuɗin da ubanka ke zubawa a makarantar jardan, wasan ƙasa aka ce ka koyo?"

Da layi ya zo kanta na ce, "Ƙanwata, me yake ginawa kika rushe masa?" Ta ce, "Wallahi likita ban sani ba, ɓarna ce kawai irin tasa." Na kira shi na tambaye shi. Ya ce rumbuna ne: babban na hatsi, mai bi masa na wake, ƙaramin na harawar akuya, don akuyarsu ɗaya ce. Yaro ɗan shekara huɗu ya kasa kaya gida uku, ya san babba ya san ƙarami, har da dalili. Na ce da ita, lissafin da ake biya a koya masa ke nan, ga shi yana yi a ƙasa kyauta.

Wani zai ce ina ruwan ma'aikaciyar lafiya da wasan yara, ba allura da awo ne aikinki ba? Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin masu tamowa ya san amsar. Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa ba ya wasa. Yana kwance, ido a buɗe, ko ƙuda ba ya kora. Ranar da ya miƙa hannu ya kama cokali ya ƙwanƙwasa kwano, ranar muke cewa alhamdu lillahi, ya juyo. Shi ya sa a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, wasa na cikin matakan jinyar tamowa mai tsanani, tare da madara da magani: minti 15 zuwa 30 kowace rana, da zarar yaro ya fara samun ƙarfi.

Dalilin yana cikin kai. Kafin yaro ya cika shekara 5 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. A waɗannan shekarun ne jijiyoyinta ke ƙulluwa da juna da saurin da ba za su sake yi ba har abada, kuma abin da ke ƙulla su shi ne abin da yaro ya taɓa, ya ɗaga, ya zubar, ya ji, aka kuma amsa masa. Hanyar da ake bi kullum takan zama turba, wadda aka bari ciyawa ta rufe ta. Haka abin yake a kan yaro.

Akwai wani aiki da aka yi a birnin Kingston na ƙasar Jamaika wanda ba na gajiya da ba da labarinsa, don irinmu ne suka yi shi, ma'aikatan lafiya na unguwa. A 1986 da 1987 wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 ƴan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuma ma'aikaciya ke zuwa gidansu sau ɗaya a mako, awa guda, har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Aka bi sawun yaran har suka girma. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100, har sun kamo tsaransu da ba su taɓa tsumburewa ba. Madarar kaɗai ba ta bar irin wannan sawu ba. Kada a ji ni ba daidai ba, ciki da yunwa ba ya wasa, abinci ne gaba. Amma abinci bai gama aikin ba.

Yanzu ga abin da ke damuna a garin nan. Jardan, wato makarantun ƙananan yara, sun yawaita, daga unguwar Zariya har ta Ali Ɗan Sofo, kuma abin murna ne. Sai dai mu iyaye mun matsa wa malaman lamba. Yaro ɗan shekara uku, wanda ko maɓallin rigarsa bai iya sawa ba, muna son ya dawo gida da kaye cike da a, b, c. In madam ta ce yau laka suka murza, sai uba ya ɓata rai ya ce zai canza masa lakol. Malamar da ke tsoron rasa ɗalibai kuwa me za ta yi? Sai ta zaunar da yara arba'in a kan benci tun safe, hannu a ƙirji, suna maimaita abin da ba su san ma'anarsa ba. Alhali sunan ma kansa ya isa ishara. Bajamushen da ya ƙirƙiro irin wannan makaranta, Friedrich Fröbel, a 1840 ya raɗa mata suna lambun yara, Faransawa suka fassara, mu kuma muka gutsuro jardan. Kayan karatunsa ƙwallo ne da guntayen katako da ƴar gonar da kowane yaro ke shukawa. Maria Montessori da ta buɗe tata a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, likita ce, kuma yaranta zuba ruwa da shara da ɗaura igiya suka fara koya kafin alƙalami.

Hannun da zai riƙe bik sai ya yi ƙwari tukuna. Yatsu uku ne ke riƙe abin rubutu, kuma ba kaye ke ƙarfafa su ba. Laka ce.

Mu nan Allah ya hore mana ita. Babba ya je ya samo mai tsabta, daga wajen magina tukwane ko bakin Gulbi bayan ruwa ya janye, ba ta kududdufin bayan gida da ake zuba shara ba. A jiƙa ta, a ba yaro dunƙule kamar na fura, a shimfiɗa masa tsohon buhu. Ɗan shekara uku zai yi ta murzawa yana yin macizai da ƙwallaye, kuma ya isa, kada a ce sai ya yi wani abu mai suna. Ɗan shekara biyar zai fitar da sa mai tozo, da tukunya, da jar akuya mai ƴaƴa biyu. Wa a cikinmu bai yi shanun laka ba? Wa bai dafa tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir ba, da miyar ganyen bedi? Iyayenmu ba su san sunan abin a boko ba, amma sun bar mu. A shanya abin da ya gina a rana, gobe ya shafa masa launi. Launin ma na gida: gawayi ya ba da baƙi, ruwan zoɓo ya ba da ja, ɗan bula ya ba da shuɗi, tsinken da aka tauna bakinsa ya zama abin shafawa. Na ga ana koya wa mata kwaɓa fulawa da gishiri don yara su murza. Yana yi, amma da tsadar fulawar yanzu ni ba zan ce wata ta taɓa ta fanke ba ga laka a banza.

Bayan girbi kuma kara ya samu. Ɓargon karan dawa da ɓawonsa sun isa mota, da gado, da tabarau, da ƴar tsana mai kitson zare. Yayye su fere, ƙanne su soka, don ɓawon kara yana yanka.

Wasan da na fi so a ba wa ƙarfi shi ne na kasuwa, saboda abin da ke cikinsa ya fi a ƙirga. A tara marufan kwalba, ƙwallon goriba, ɓawon gujiya, ƴaƴan tsamiya. Gwangwani ya zama tiya, ganye ya zama kuɗi. Yarinya ta kasa kayanta, uwa tana tsintar wake a gefe ta ce, "Hajiya mai goriba, nawa-nawa?" Ta ce dala biyar. "Kai, ta yi tsada, ba ni uku." Sai ta ƙirga uku. "Ƙara mini ɗaya gyara. Yanzu nawa ke nan a hannuna? Saura nawa a gabanki?" Tara da ɗebewa ke nan, ba allo ba alli. A ciki ta koyi gaisuwa, ta koyi jiran layi, ta koyi haƙuri in mai saye ya taya da arha ya wuce. Kuma uwa ba ta ajiye aikinta ba, wanda shi ne abin da mata ke fara ce mini: likita, ina lokaci? Ba a ce ki bar daka ki zauna ba. Ki ba shi ƙaramin turmi a gefenki. Kina wanki, ki ba shi kofi biyu da ruwa kaɗan a roba, ki tambaye shi kofi nawa ne zai cika kwanon. Ya sa dutse da ɓawon gujiya a ruwan ya ga wanne zai nutse.

Ƙwayar wake uku a gwangwanin da aka huda gindinsa, yaro na ba ta ruwa kowace safiya, kafin mako ya zagayo ta tsiro. Ɗan manomi ne, bari ya gani da idonsa.

Abu ɗaya nake roƙon manya: kada a karɓe. Yaro ya yi sa mai ƙafa biyar, sai ka ga babba ya fizge ya ce ba haka ake yi ba, ya gyara masa tsaf. San ya yi kyau, yaron kuwa ya koyi cewa hannunsa bai iya ba. Ka ce masa, "Ba ni labarin san nan naka." Za ka sha mamaki, wataƙila ta biyar ɗin wutsiya ce. Kuma a yi da harshen gida. Faransanci na nan zuwa a lakol, kuma yaron da bakinsa ya buɗe da Hausa, ya san tatsuniya, ya iya warware "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", shi ne ke saurin kama wani harshe.

Ƴaƴa mata ma a tuna da su. Ƴar shekara biyar da aka ɗaura wa goyo tun safe, ko aka ɗora wa farantin talla, ita ma ƙwaƙwalwarta a wannan shekarun take ginuwa, daidai da ta ɗan'uwanta da ke tura motar gwangwani a ƙofar gida.

Sai salula. Na sani, tana sa yaro shiru, kuma uwar da ta gaji shiru take nema. Amma a 2019 OMS ta fitar da ƙa'ida: yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban salula ko tele sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ma ya fi. Ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar awa uku na motsa jiki a yini, ɗaya daga ciki na guje-guje har ya yi zufa, da barcin awa 10 zuwa 13. Langa da ƴar gala-gala da ɓuya sun biya wannan bukata tun kafin a rubuta ta. Salula tana magana, amma ba ta jiran yaro ya ba ta amsa.

Maza, ku ma da ku nake. Minti goma kafin a fita fada shan shayi ba zai rage wa kowa girma ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa ba. Nana A'isha kuma tana da ƴan tsananta da ƙawayen wasanta a gidansa. Wa ya fi shi girma a cikinmu?

To, ga inda rigar aikina ta dawo. Ƙasa tana da tsutsar ciki, gaskiya ne, uwar nan ba ta yi ƙarya ba da ta ji ƙyama. Maganin shi ne a ware wa yara wuri guda a tsakar gida, nesa da makewayi da turken dabbobi, a share kashin kaji, a yanke musu farce, a wanke hannu da sabulu bayan wasa da kafin cin abinci, a kuma karɓi maganin tsutsa duk lokacin da aka zo rabawa. Duk abin da zai shige bakin yaro, kamar ƴaƴan tsamiya, wake, dutsen ado ko murfin bik, ba na wanda bai kai shekara 3 ba ne, kuma in yayye sun gama a tattare kafin mai rarrafe ya iso, don mun sha ciro wake daga hanci da kunne. Gwangwani a daddake bakinsa. Kwalbar fiya-fiya, ko ta maganin feshin gona, ko wadda aka sayar da fetur a cikinta, ba ta zama abin wasa ko an wanke ta sau goma. Tsohon batir kada a bari su fasa. Ɗan ƙaramin nan mai kama da maɓalli, na agogo da fitilar wasa, in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu, a taho asibiti nan take, kada a tsaya sa shi amai. Ruwan wasa kaɗan ne a roba, babba na kusa, a zubar in an gama, don bokiti ma yana cin yaro. Tabki da kududdufi kuwa a hana su, can ake ɗauko tsargiya.

Wasan kuma yana nuna mana abin da sikeli ba ya nunawa. Yaron da ya kai wata 18 bai taka ba, ko ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, ko ya daina abin da ya riga ya iya, kada a ce nauyin baki ne na gado a zauna. Haka wanda jiya yake ta ɓarna yau ya kwanta lamo ya ƙi kula kayan wasansa, musamman da damina lokacin zazzaɓin cizon sauro. A kawo shi a ranar, a haɗo da karnensa.