Me ake nufi idan aka ce tsatsa ta ci ƙarfe?

Idan injiniyoyi suka ce tsatsa ta ci ƙarfe, suna nufin kaurinsa ya ragu. Ƙarfe kan haɗu da danshi da iska, sai samansa ya rikiɗe ya koma jan garin nan mai ɓarɓashi. Duk abin da ya zama gari ya bar jikin ƙarfen ke nan, alhali nauyin da aka ɗora masa yana nan daram. Gishiri na gaggauta ɓarnar, shi ya sa ƙarfen bakin teku a Legas ke riga na Kano lalacewa.

Tsatsar da ido ke gani ba ta da wuyar sha'ani, a kankare ta a shafa fenti. Wadda ke kayar da masana'antu ɓoyayyiya ce: a gindin ginshiƙi inda ruwa ke kwanciya, a bakin walda, a ƙarƙashin abin da ake naɗe bututu da shi don riƙe zafi. A matatun mai kuwa ko ruwa ba sai an samu ba, sinadaran da ke gudana a cikin bututun su ne ke cinye shi daga ciki.

Haka aka yi a matatar Chevron da ke Richmond a jihar Kaliforniya ta Amurka, ranar 6 ga Agusta, 2012. Sinadarin sulfa da ke cikin mai mai zafi ya cinye kusan kashi 90 cikin 100 na kaurin wani bututu. Ya fashe, wuta ta tashi, mutanen yankin kimanin 15,000 suka nemi magani. Abin takaici, ƙwararrun kamfanin sun sha ba da shawarar a duba irin waɗannan bututun gaɓa-gaɓa ko a sauya su.

Kauri dai aunawa ake yi, da na'urar da ke tura sauti cikin ƙarfe ta karanta dawowarsa. Sai dai wurin da aka ɗora ta kaɗai take faɗa. A matatar mai ta birnin Filadelfiya a Amurka da ta yi bindiga ranar 21 ga Yuni, 2019, ana auna layin bututun, amma ban da gwiwar da ta fashe, wato gaɓar da bututun ya lanƙwasa, wadda aka sa tun 1973. Masu bincike sun tarar kaurinta bai kai rabin milimita ba. Bayan haka aka rufe matatar gaba ɗaya.