Waiwaye: IL-2, ƙwayar HTLV-1 da sankarar jini

A 1976 masu bincike a ɗakin gwajin Robert Gallo da ke Amurka suka gano wani sinadari da fararen ƙwayoyin jini ke aika wa junansu, saƙon da ke cewa "ku hayayyafa". Daga baya aka raɗa masa suna IL-2. Da shi ne aka samu damar raya ƙwayoyin garkuwa na T a wajen jikin mutum har tsawon watanni, abin da a baya ya gagara.

A 1977 kuma Kiyoshi Takatsuki da abokan aikinsa a Kyoto suka bayyana wata muguwar sankarar jini da ke kama manya, akasarinsu 'yan asalin kudu maso yammacin Japan. Taruwar marasa lafiyar a yanki guda ta sa aka zargi bairas. Ɗakin Gallo ya zaƙulo ƙwayar bairas mai suna HTLV-1 a 1980, tawagar Yorio Hinuma ta ga irinta a Japan a 1981, aka kuma tabbatar abu ɗaya ne.

Nan masana suka ga kamar an gama magana. Bairas ɗin, idan ya shiga ƙwayar T, yana ƙera furotin mai suna Tax, wanda ke kunna ƙwayoyin gadon IL-2 da na makarɓinsa (wurin da ke karɓar saƙon a jikin ƙwaya) ta hanyar NF-kB, wani makunnin ƙwayoyin gado. Ke nan ƙwayar T ita ke aika saƙon, ita ke karɓa, sai ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Bayani ne mai gamsarwa, amma bai cika ba. A jinin marasa lafiya da dama an tarar Tax ya yi shiru, domin garkuwar jiki na saurin gane shi ta kashe ƙwayar da ke ɗauke da shi. Wadda ta rufe bakinsa ita ke tsira.

Sai a 2002 aka gano wani furotin na bairas ɗin mai suna HBZ, wanda ake karantawa daga ɗaya ɓangaren zaren gadon bairas ɗin, kuma shi ba ya yin shiru a ƙwayoyin sankarar. A ganina wannan ne ya fi sauya fahimtar cutar: Tax ke tayar da wutar, HBZ da sauye-sauyen gado da ke taruwa tsawon shekaru ke rura ta. Shi ya sa jaririn da ya kamu ta nono kan girma har ya manyanta kafin cutar ta bayyana, kuma kusan kashi 5 cikin 100 na masu ɗauke da bairas ɗin ne kawai ke kamuwa da sankarar.

A 2012 Japan ta amince da maganin mogamulizumab, wanda ke farautar ƙwayoyin sankarar ta makarɓin saƙo na CCR4 da ke jikinsu.