Kafin a rataya babbar fanka a sito ko masallaci

Duk shekara idan watan Maris ya kama, zafi ya fara tsananta, tambaya ɗaya nake yawan samu daga masu sito, 'yan kwamitin masallatai da shugabannin makarantu: Malam, wace fanka za mu saya? Ni aikina duba-gari ne, ba na sayar da kayan wuta. Amma da yake ina shiga waɗannan gine-gine ina ganin yadda jama'a ke fama a cikinsu, na ga ya dace in faɗi abin da na sani, musamman yanzu da hankalin mutane ya fara komawa kan manya-manyan fankokin nan na sama, waɗanda fiffike ɗaya nasu ya fi mutum tsawo.

Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, fanka ba ta sanyaya iska. Ka rufe ɗaki ka kunna ta awa uku, ka duba ma'aunin zafi, ba za ka ga ya sauka ba. Abin da take yi shi ne ta kaɗa iska a kan fatar mutum, zufa ta bushe da sauri, wannan bushewar ce ke ɗauke zafin jiki. Yadda tulu ke sanyaya ruwa ke nan: yana tsatsafo ta jikinsa, iska na busar da danshin, ruwan ciki ya yi sanyi. Jikin ɗan Adam ma haka yake aiki. To, idan babu zufa, ko kuma iskar da ake kaɗawa ta fi jikin zafi sosai, amfanin fanka ya ragu, wani lokacin ma ta zama cutarwa.

Wannan magana ta shafe mu fiye da mutanen wasu ƙasashe. Zafin fatar mutum yana kusan digiri 35. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a dogara da fanka ne idan zafin wuri bai kai digiri 40 ba, domin idan ya wuce haka, zafi fankar ke ƙara wa jiki. Mu kuwa a Sakkwato, Maiduguri, Yola, Kano, Yamai da Damagaram, wuce digiri 40 a watan Afrilu ba baƙon abu ba ne. Kuma zafin bazararmu busasshe ne kafin ruwa ya sauka, zufa na bushewa tun kafin a gan ta. A irin wannan rana, iskar fanka kamar hucin tanderu take. Dattawa su suka fi shiga haɗari saboda jikinsu ba ya fitar da zufa kamar na matasa. Ba cewa nake a jefar da fanka ba. Cewa nake a ranakun da zafi ya kai haka, a haɗa ta da ruwa: a jiƙa riga ko mayafi, a yayyafa wa fuska da hannuwa ruwa, a sha ruwa a kai a kai. Fata mai danshi a ƙarƙashin fanka tana samun sanyi na gaske.

Na taɓa shiga wani siton hatsi da tsakar rana, na tarar an kwantar da wani matashi ɗan dako a bakin ƙofa ana yi masa fifita, jiri ya kayar da shi da buhu a kai. Mai wurin mutumin kirki ne, hankalinsa ya tashi ƙwarai, yana ta nuna mini fankokin da ya sa da kuɗinsa. Na ɗaga kai na ga kwano ne tsirara, babu silin, babu taga ko ɗaya sai ƙofar shigowa. Kwanon ya sha rana tun safe, zafi ya taru a ƙarƙashinsa, fankokin kuma suna janyo wannan zafin suna sauke wa mutane a ka. Na ce masa, Alhaji, matsalarka a rufin take.

Shi ya sa nake roƙon duk mai niyyar kashe kuɗi a kan fanka ya fara da ginin kansa. Iska mai zafi sama take tashi, saboda haka a buɗe mata hanyar fita a ƙololuwar rufi ko a saman bango, a kuma buɗe tagogi a ɓangarori biyu masu fuskantar juna don sabuwar iska ta ratsa. A sa silin, ko a shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano. Farin fenti a saman kwano ma yana mayar da hasken rana, yana rage zafin da ke shiga. Bishiyoyi a gefen yamma suna taimakawa. Bayan an yi waɗannan, fanka za ta samu iskar da ta cancanci a kaɗa.

Yanzu ita kanta babbar fankar. An fara ƙera irinta a ƙarshen shekarun 1990 a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma don shanun madara aka yi ta, saboda saniya idan ta sha zafi nononta yana raguwa. Daga baya masana'antu da manyan ɗakunan ajiya suka karɓe ta. A takardun masu sayarwa za ka ga an rubuta HVLS, ma'ana iska mai yawa da juyi a hankali. Faɗinta yana farawa daga kimanin mita 2 har zuwa mita 7.3, wato ƙafa 24. Fankar gida tana juyawa sau ɗari uku ko fiye a minti ɗaya, ita kuwa mafi girman nan ba ta cika wuce sau sittin ba. Tana turo iska ƙasa a hankali, iskar ta bugi daɓe ta bazu ta kowane gefe. Ba ta tashin takardu, ba ta da ƙara sosai, kuma wanda ke nesa da ita ma yana jin iskarta.

Sai dai ba kowane gini ne ya dace da ita ba, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Ɗauki abin awo ka auna tsayin ginin kafin ka je kasuwa. Fukafukanta suna bukatar su yi nesa da ƙasa da aƙalla mita 3, sannan tana bukatar sarari a samanta don ta samu iskar da za ta ja, da sarari a gefe don kada ta taɓa ginshiƙi, fitila ko waya. Masallacin unguwa ko ajin makaranta mai silin a mita 3 ko 4 ba wurinta ba ne. A irin wannan wuri fankokin gida masu inci 56, an jera su daidai a kan sahu, sun fi amfani kuma sun fi sauƙin gyara. Babbar fanka ta masallacin Juma'a ce mai dogon rufi, da zauren taro, da ɗakin jiran fasinjoji, da masana'anta, da sito mai tsawo.

A sito akwai ƙarin abin lura. Kamfanoni kan rubuta cewa fanka ɗaya tana isar fili mai faɗin gaske, amma a fili fayau suka yi awon. Siton hatsi irin na Dawanau kuwa buhuna ake jerawa har kusa da rufi, kuma iska ba ta ratsa buhu. Idan aka rataya fanka a saman tarin kaya, kayan take yi wa fifita, mutanen da ke lodi a lungu ba su samu komai ba. A sa ta inda ake aiki: bakin lodi, wurin awo, wurin ɗinkin buhu, hanyar da 'yan dako ke bi. A kuma ja layi a bango a nuna iyakar inda jerin buhu zai tsaya, don kada wanda ya hau saman kaya ya miƙe tsaye fiffike ya same shi. Fitilu ma a sauko da su ƙasa da fankar ko a matsar da su gefe, domin idan fitila na sama fukafukai na wucewa ta ƙarƙashinta, hasken zai riƙa ƙyaftawa, yana sa ciwon kai da jiri.

Maganar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ratayewa. Manyan cikinsu nauyinsu yana kaiwa kilo ɗari, wasu sun fi haka, buhu guda na masara ke nan yana juyi a saman kawunan mutane. Ba a rataya irin wannan a katakon rufi ko a siririn ƙarfen da aka ɗora kwano a kai. Injiniyan gini ne zai duba ya ce wannan ƙarfen zai ɗauka, wancan ba zai ɗauka ba. Kowace fanka ta kirki tana zuwa da igiyar ƙarfe ta tsaro wadda ake ɗaure injin da ita a jikin ginin, ko da noti ya kwance ba za ta faɗo ba, da kuma wayoyin da ke hana ta lilo. Idan mai haɗawa ya ce ba sai an sa su ba, a sallame shi a nemo wani. 'Yan kwamitin masallaci, amanar rayukan masallata ce a wuyanku. Ko fankar gida ce, ƙugiyar da aka lanƙwasa da guntun rodi aka cusa a silin ba abin yarda ba ce.

Sai wuta. Wutarmu volt 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa volt 120 ce mai bugu 60, saboda haka wanda zai yi odar kaya daga waje ya tabbatar an yi su don irin wutarmu. Da yawa daga cikin manyan fankokin suna son wuta mai layi uku, ka tambaya ko gininka yana da ita. Suna kuma zuwa da akwatin sarrafa gudu, wanda ba ya jure wutar da ke hawa da sauka, don haka a lissafa kuɗin sitabilaiza da na waya mai kauri da na haɗa waya da ƙasa tun farko. Ta fuskar cin wuta, mafi girma tana cin kimanin kilowat ɗaya zuwa ɗaya da rabi, fankar gida kuwa wajen wat 75. Wato a cin wuta babba ɗaya daidai take da ƙanana goma sha uku zuwa ashirin. Awa goma a rana, yunit 10 zuwa 15 ke nan, sai ka buga da farashin yunit a layinku. Masu sola su nemi ƙananan fankoki masu injin DC, waɗanda ke cin kusan rabin abin da na gargajiya ke ci, batir zai fi jimawa.

Ƙura ma abin tambaya ce, ga ta hunturu ga ta hatsi. A jikin injin akwai lamba da ke farawa da IP, lambar farko bayan haruffan tana nuna kariya daga ƙura, 5 ko 6 ake so. Akwai fankoki masu akwatin giya da ke bukatar duba mai lokaci-lokaci, akwai waɗanda injin ke juya fukafukan kai tsaye, su sun fi shiru, sun fi dacewa da masallaci da asibiti. Kuma kafin ka biya, tambayi mai sayarwa: idan ta lalace, wa zai gyara, ina ake samun kayan gyaranta? A karɓi takardar garanti a rubuce, a duba shaidar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya.

A matsayina na ma'aikacin lafiya, dole in ƙara da wannan. Fanka tana juya iskar da ke cikin ɗaki ne, ba ta kawo sabuwa. Lokacin zafi da ƙura shi ne lokacin sanƙarau, kuma iyayenmu ba su manta da annobar 1996 ba. Sanƙarau da tarin fuka da ƙyanda duk ta numfashi suke yaɗuwa, cunkoso a rufaffen wuri ne ke ba su dama. Ɗakin kwanan ɗalibai, makarantar allo, ɗakin jiran asibiti, duk inda aka kunna fanka a buɗe tagogi. Masu siton hatsi kuma, idan an sa ƙwayar maganin ƙwari mai fitar da iskar guba, babu mai shiga, babu mai kwana a ciki ko a ɗakin da ke manne da shi, kuma kada a kunna fanka da sunan korar wari alhali mutane na kusa. A bar wa wanda ya san aikin ya buɗe wurin ya ce an iya shiga. Idan gobara ta tashi, a kashe fanka nan take domin iska tana rura wuta, shi ya sa makunninta ya kamata ya kasance kusa da ƙofa inda kowa ya sani. Masu ajiye magunguna su ma su sani, kwali ba ya zufa. Maganin da aka rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 25 ko 30, fanka ba za ta kare shi ba, na'urar sanyaya ɗaki yake bukata.

Ko an sa fanka mafi kyau, a riƙa lura da ma'aikata. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyoyin ƙafa da fitsari mai duhu alamu ne cewa zafi ya fara cin mutum. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa, a ba shi ruwa ko ruwan gishiri da sukari idan yana cikin hayyacinsa. Idan ya fara sambatu, ko ya rikice, ko ya suma, wannan ya wuce na gida: a ci gaba da zuba masa ruwa ana fifita a kan hanyar asibiti, kada a ɗura masa komai a baki. Musamman idan azumi ya faɗo a lokacin zafi, masu sito ku mayar da lodi mai nauyi zuwa sassafe ko bayan la'asar, ku bar 'yan dako su huta tsakanin azahar da la'asar. Ma'aunin zafi na bango ba shi da tsada. A sayi ɗaya a rataye shi daidai tsayin mutum a inda ake aiki, a ɗora wa wani alhakin duba shi da ƙarfe biyu na rana, idan ya ga ya kai 40 ya sanar a tsayar da aiki a kawo ruwa.