Yaran da Ba Su Cikin Rajista: Yadda Ake Ƙirga Cin Zarafin Yara

Duk lokacin da aka tambaya yara nawa ake ci wa zarafi a wata ƙaramar hukuma, sai a ce a duba rajistar asibiti ko littafin 'yan sanda. Mu ma'aikatan asibiti da muke cike rajistar nan da hannunmu mun san abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. A kawo yaro da karaya, a ce daga bishiya ya faɗo. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe kuwa, galibi a zauren mai unguwa ake kashe maganarta don rufin asiri, balle in mai laifin ɗan gida ne. Saboda haka in ka ji an ce ƙorafi ya yi ƙaranci a gari, kada ka yi saurin murna.

A 2011 wasu masu bincike a ƙasar Holan sun haɗa nazari sama da 200 daga sassan duniya kan lalata da yara. Inda aka dogara da rahoton ma'aikatan da ke hulɗa da yara, yara 4 cikin 1,000 aka samu. Inda aka tambayi mutane da bakinsu, sai adadin ya kai 127 cikin 1,000.

Wannan hanya ta biyu Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta bi a 2014, da taimakon UNICEF da hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta shiga gida-gida a faɗin Najeriya ta tattauna da matasa sama da 4,000 'yan shekara 13 zuwa 24. 'Yan 18 zuwa 24 an tambaye su abin da ya same su kafin su cika 18, ƙananan kuma abin da ya faru cikin wata 12 da suka wuce. Tsarin aikin ya burge ni ƙwarai. Mutum ɗaya ake zaɓa a gida. Mace ke yi wa mace tambaya, namiji ga namiji, a inda wani ba zai ji ba. Unguwar da aka tambayi 'yan mata ba a tambayar samari a cikinta, don kada wanda ya yi ɓarnar ya gane abin da aka tambayi yarinyar ya huce a kanta. Kuma ba a cewa "an taɓa cin zarafinka?", domin yaron da ya tashi cikin duka bai ɗauke shi cin zarafi ba. Abin da aka yi masa ake tambaya ɗaya bayan ɗaya: an naushe ka, an shaƙe ka, an ƙona ka da gangan?

Sakamakon ya nuna 6 cikin 10 sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an yi lalata da su ko an yi yunƙurin yi. Waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 cikin 100 ba.

Akwai kuma binciken MICS kan halin da mata da yara ke ciki, na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda ke tambayar uwa ko mariƙiya irin horon da aka yi wa yaro ɗan shekara 1 zuwa 14 a watan da ya gabata. Yana da amfani ga ƙananan da ba su iya ba da labari ba, sai dai mai amsar kan rage abin da take jin kunyarsa.

Sakaci shi ya fi wuyar aunawa. Yaro ya kwana da yunwa: babu ce ta sa, ko akwai aka hana shi? Alƙalami ba ya saurin raba talauci da rashin kulawa, kuma zalunci ne a rubuta uwar da ba ta da abin ɗora tukunya a matsayin mai sakaci. Abin da ya fi damuna shi ne bincike na gida-gida yana tsallake yaron da ba ya kwana a gida. Mai kwana a tasha, da almajirin da ke nesa da iyayensa, da yaran sansanin 'yan gudun hijira, duk suna iya faɗawa wajen lissafi, alhali su suka fi zama cikin haɗari. Kenan 6 cikin 10 ɗin ma da sauran gyara.

Iyaye, in masu irin wannan bincike suka yi sallama, ku nemi ganin katin shaidarsu, ku tambaye su daga wace hukuma suke. In kun gamsu, ku bar su su zauna da yaron a inda za ku hango su amma ba za ku ji ba, kuma kada ku tsare shi da tambaya bayan sun tafi. Yana da damar ƙin amsawa, sunansa kuma ba ya fita a rahoto. Abokan aikina na asibitocin unguwa, in rauni bai dace da labarin da aka ba ku ba, ku rubuta abin da idonku ya gani, ku keɓe da yaron ku tambaye shi a hankali, sannan ku sanar da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarku.