Hawan jinin da wata cuta ke jawowa, da lambarsa ta I15

Hawan jini iri biyu ne a wajen likitoci. Akwai gama-gari wanda ba a san takamaiman sanadinsa ba, sai kuma wanda wata cuta ce can a ɓoye take ingiza shi. Wannan na biyun bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu hawan jini ba, amma fa shi ne wanda in an gano tushen ana iya rabuwa da shi kwata-kwata a wasu lokutan.

Ƙoda ce kan gaba wajen jawo shi, ko dai ita kanta ta samu matsala ko kuma jijiyar da ke kai mata jini ta tsuke. Sai wata ƴar halitta da ke zaune a saman ƙoda, in ta shiga fitar da sinadarin aldosterone fiye da kima sai jiki ya riƙa tara gishiri da ruwa, fotasiyam kuma ya yi ƙasa. Akwai ciwon Cushing, wanda sinadarin cortisol ke yin yawa a jiki, da matsalar maƙoƙo, da ɗaukewar numfashi cikin barci wanda ake yawan samu wajen masu minshari sosai. Har magani ma yana jawowa, irin su diclofenac, maganin ciwon jiki da mutane ke sha kamar gyaɗa, da wasu ƙwayoyin tsarin iyali. Likita yakan fara zargi in ya ga matashi ɗan ƙasa da shekara 30 da jini sama, ko wanda ke shan magani kala uku amma jinin ya ƙi sauka.

Ta ɓangaren lissafin kuɗi kuwa, asibitoci da kamfanonin inshora da yawa suna aiki ne da ICD-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1994, ita Amurka sai 1 ga Oktoba 2015 ta koma kan nata samfurin. Gama-garin shi ne I10, wanda wata cuta ke jawowa kuma I15. I15.0 na tsukewar jijiyar ƙoda, I15.1 sauran cututtukan ƙoda, I15.2 na matsalar sinadaran jiki, I15.8 wasu dalilai daban, I15.9 kuma in ba a fayyace ba. A tsarin Amurka ana haɗawa da lambar ita cutar da ta jawo shi.

Inda masu saka lamba ke yawan rikicewa shi ne waye ya jawo wani. In hawan jinin ne ya lalata ƙoda to I12 ne, in kuwa ƙodar ce ta tayar da jinin sai I15, kuma a Amurka da an ga hawan jini tare da daɗaɗɗen ciwon ƙoda I12 ake ɗauka sai dai in likita ya rubuta akasin haka ƙarara a fayil. Mai ciki kuma nata lambobin daga O10 zuwa O16 suke.