Cika Shekara 65 a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shiga Medicare

Mutanenmu da dama da suka je Amurka da ƙuruciyarsu, masu tuƙin tasi a Bronx da masu aikin kamfani, yanzu furfura ta fito. Ga tambayoyin da suka fi yi game da Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya ta tanada wa tsofaffi.

Mece ce Medicare, kuma wa ake ba?

Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a dokarta a 1965. Ana ba wanda ya cika shekara 65, ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin. Sashen A na kwanciya asibiti ne, Sashen B na ganin likita da gwaje-gwaje, Sashen D na magani. Wanda ya yi aikin shekara goma yana biyan haraji, ko matarsa ko mijinta ya yi, ba ya biyan kuɗin wata-wata kan Sashen A. A nan ne wanda ya yi ta karɓar kuɗi a hannu bai taɓa bayyana wa hukumar haraji ba zai gane kurensa, domin waɗannan shekarun ba sa cikin lissafi. Sashen B kuwa kusan kowa yana biya duk wata: dala 185 ne ga yawancin mutane a 2025.

Ai sai na yi ritaya zan yi rajista, ko?

A'a, kuma nan aka fi yin tuntuɓe. Cikakken fansho na Social Security sai shekara 67 ga wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, amma Medicare tana nan a 65. Wata bakwai aka ba ka: wata uku kafin watan haihuwarka, watan kansa, da wata uku bayansa. In a Yuni aka haife ka, daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Satumba ke nan. Wanda ya riga ya fara karɓar fansho za a aiko masa da katinsa har gida. Wanda bai fara ba, shi zai nemi hukumar Social Security da kansa, ta intanet ko ta waya ko a ofishinsu.

A duba fasfo da kyau. Dattawanmu da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai aka sa musu 1 ga Janairu. Doka tana ɗaukar wanda aka haifa ranar ɗaya ga wata kamar ya cika shekarun ne a watan da ya gabata. Saboda haka mai 1 ga Janairu, ƙofarsa tana buɗewa tun Satumba, ta rufe a ƙarshen Maris.

To, in na makara fa?

Sai ka jira tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Maris, sannan ga tara. Duk cikakkiyar shekara ɗaya da ka yi ba ka shiga Sashen B ba, ana ƙara maka kashi goma cikin ɗari. Shekara biyu, kashi ashirin: dala 37 kan 185 duk wata a lissafin 2025, kuma haka za ka yi ta biya muddin kana cikin tsarin. Sashen D ma yana da tasa tarar in ka wuce kwana 63 ba inshorar magani.

Har yanzu ina aiki, kamfaninmu ya yi mini inshora. Dole ne?

In ma'aikatan kamfanin sun kai ashirin, kana iya jinkirta Sashen B ba tara, kuma kana da wata takwas bayan ka bar aikin ko inshorar ta yanke. In ba su kai ba, ka shiga a 65. Kada ka dogara da COBRA, wato inshorar kamfani da mutum ke ci gaba da biya bayan barin aiki, domin ba ta tsayar da ƙidayar watannin nan.

Na ɗauko mahaifiyata daga gida, ta haura 65. Za ta samu?

Sai ta yi shekara biyar a jere da katin zama na dindindin. Ko a lokacin ma, tunda ba ta yi aiki a can ba, sayen Sashen A za a yi, kuma ya kai dala 518 a wata a 2025.

Niyyata in koma gida in huta. Katin zai yi mini amfani a can?

Ba zai yi ba. Ban da wasu 'yan lokuta ƙalilan, Medicare ba ta biyan jinyar da aka yi a wajen Amurka, ko a Kano ne ko Kumasi ko Yamai. Sashen A na kyauta ka riƙe abinka. Sashen B ne ke da wuyar sha'ani: in ka ci gaba da biya, kuɗi na fita kan abin da ba ka mora, in ka daina, ranar da ciwo ya mayar da kai sai ka jira Janairu, ga tara a kai. A ganina, mai hawan jini ko ciwon suga da ke zuwa ganin likitansa duk shekara gara ya ci gaba da biya. Wanda ya sallami gidan haya, ya tattara komatsansa ba da niyyar komawa ba, shi ne zai zauna da 'ya'yansa su yi lissafin kuɗin wata sau goma sha biyu kafin ya cike takardar fita daga Sashen B.