Tarihin Maradi a cikin na'ura: wa zai ɗauka, wa zai riƙe?

Me ya sa ake cewa sai an haɗa hannu wajen ɗaukar tarihin Maradi na baka da na rubuce a adana shi cikin na'ura? Ba aikin ƴan jami'a ba ne?

Ɗan jami'a ya san tsarin bincike, amma kayan ba a hannunsa suke ba. Suna wurin malamin zaure da ya gaji gafaka cike da takardun ajami, da maroƙin fada da ke jero sarakuna tun daga Ɗan Kasawa, wanda ya kafa sarautar Katsinawa a Maradi a farkon ƙarni na 19, da tsohuwar da ba ta manta waƙar daka ba. Sai kuma saurayin da ya iya kyamara, da mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da zai kai abin cikin aji. In ɗayansu ya janye, aikin ya gurgunce.

Wannan sabon abu ne a Nijar?

Ko kusa. Tun 1968 aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda yau ake kira CELHTO. Cibiyar bincike ta IRSH, a ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni, tana ajiye da dubban rubutattun takardun Larabci da ajami, waɗanda marigayi Boubou Hama, marubuci kuma masanin tarihin Nijar, ya yi ɗawainiyar fara tarawa. Abin da ya canza shi ne kayan aiki sun yi araha, ga shi kuma Maradi na da jami'arta, ta Ɗan Dicko Ɗankulodo.

To ba sai kowa ya ɗauka da wayarsa ba?

Ɗauka ita ce mafi sauƙi, kuma nan ake yaudarar kai. Duba tsohon littafin ajami: ba ɗinkakke ba ne, warƙoƙi ne a sake, ba lambar shafi. Marubucin kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a kusurwar ƙasa, da ita ake gane jerin. Yaron da bai san haka ba zai baje su kan tabarma, ya ɗauki hotuna ɗari masu kyau, ya mayar a hargitse. Ya yi ɓarnar da gara ba ta yi ba. Shi ya sa dole mai littafin ya zauna kusa, yana miƙo warƙa ɗaya bayan ɗaya.

Murya ma haka. Kafin tsoho ya fara ba da labarin ambaliyar 1945, wadda ta sa garin Maradi ya tashi daga bakin Gulbi ya hau tudu, a fara faɗi cikin na'urar: wane ne shi, a wace unguwa, ran nawa ga wata, daga wa ya ji. Muryar da ba ta da wannan bayani, bayan shekara goma ta zama tatsuniya. Kada kuma a ɗauki WhatsApp a matsayin rumbu, domin yana matse hoto da sauti har ingancinsu ya ragu. A adana na asali, kwafi uku, ɗaya a wani gari daban.

Bayan an ɗauka, na wane ne?

A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi. Gidaje da yawa na ƙin fito da takardunsu ne saboda sun ga an karɓa ba a dawo da su ba, ko an yi hira da kakansu an tafi, ko kaset ɗaya ba a aiko ba. Shirin ceton tsofaffin takardu na ɗakin karatun Birtaniya, wanda ya fara a 2004, yana da ƙa'idar cewa takardun asali ba sa barin ƙasarsu, hoto kawai ake ɗauka, a kuma bar kwafi a ƙasar. Ni da zan ƙara, sai in ce kwafin farko ya koma gidan da aka ɗauko.

Kuma ba komai ne na intanet ba. Akwai laƙani, akwai asirin magani, akwai abin da masu bori ba sa faɗi sai a tsakaninsu. A tambayi mai abu, da Hausa, a ɗauki amsarsa cikin na'ura: wannan na kowa ne, wancan na masu bincike kaɗai, wancan kuwa a kashe na'urar.

Me yaran makaranta za su samu?

Tun 1973 Nijar ke gwada koyarwa da harsunan gida, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa, amma littattafan karatu ba su wadata ba. Tatsuniyar minti biyar da muryar wata kaka ta Tibiri, tare da rubutunta, darasi ce cikakkiya. Sharaɗi shi ne ta yi aiki ba rezo, tunda ƙauyuka da yawa ko kuran, wato wutar lantarki, babu. A zuba ta a katin waya, kamar yadda masu cajin waya na bakin kasuwa ke tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi. Mai rubutawa kuma ya bar wa kaka harshenta: in ta ce "hwara", kada ya gyara mata zuwa "fara".